Amsoshin Tambayoyinku: Yarona Yana Son Ƙera Na'ura Mai Hankalin Mutum, Gasa da Allah Yake Yi?

TAMBAYA: Ni mutuniyar Kakau ce, nan kan hanyar Abuja, Gbagyi ce ni, ina sayar da doya da hatsi, ina kuma cikin zumuntar mata a ikilisiyarmu. Yarona yana karatun kwamfuta a Zariya, saura shekara ɗaya ya gama. Da ya zo hutu ya ce mini burinsa shi ne ya shiga cikin masu neman ƙera na'urar da za ta yi tunani kamar mutum, har ta fi mutum. Ban gane sosai ba, amma jikina ya yi sanyi. Bayan sati biyu wani baƙon mai wa'azi ya zo mana taron bishara, ya ce wannan abu shi ne hasumiyar Babila ta zamaninmu, shi ne kuma siffar dabbar nan da ke cikin Wahayin Yahaya. Da kuɗin doya na saya wa yaron kwamfutar da yake aiki da ita. Tun daga ranar ba na samun barci. Na taimaka masa ya yi gasa da Allah ke nan? In hana shi ko in bar shi?

AMSA: Mama, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. Na lura ba ki kama sunan yaron ba. Na ɗauka ɗan fari ne, ni ma ba zan tambaya ba.

Ki yi barcinki. Kuɗin doyarki bai shiga asusun Shaiɗan ba, kuma karatun kwamfuta ba saɓo ba ne. Sai dai ba zan ce miki mai wa'azin nan ihu ya yi a banza ba. Ya ji ƙaurin hayaƙi da gaske, amma ɗakin da ya nuna ba shi ne ke cin wuta ba. Ki yi haƙuri da ni in bi abin daki-daki, domin in muka yi gaggawa, ko dai mu tsorata yaro mu kore shi daga gida da ikilisiya, ko mu sake masa baki ɗaya ba tare da mun ba shi guzuri ba.

Abin da ke cikin wayoyin samari yau, wanda gidajen rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira, ya shigo hannun jama'a sosai ne tun 30 ga Nuwamba 2022, ranar da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT. Wasu kamfanoni suka biyo baya da nasu, har akwai wanda aka liƙa a cikin WhatsApp. Yadda ake yin sa ba tsafi a ciki. Ana tara rubutun mutane mai yawan da ko mutum zai yi shekara dubu a duniya ba zai karance shi ba: littattafai, jaridu, hirarrakin intanet, har da Littafi Mai Tsarki a harsuna da dama. Sai a ba na'ura aiki guda: a rufe mata kalma ta gaba, a ce ta canka. In ta kuskure a ɗan murɗa wasu lambobi a cikinta, a sake gwadawa, a yi ta yi dare da rana. Lambobin kuwa ba kaɗan ba ne. Wadda aka fitar a 2020 mai suna GPT-3 tana da biliyan 175. Kin san yaron da ya tashi a kasuwa, wanda in kin ce "komai nisan jifa", kafin ki rufe baki ya ƙarasa miki? To, ki ɗauka an samu wanda ya zauna a dukan kasuwannin duniya. Bayan wannan sai a ɗauki mutane su riƙa duba amsoshinta, su ce wannan ta yi kyau, wannan ba ta dace ba, har ta koyi ladabi. Cikin masu irin wannan aiki akwai 'yan'uwanmu 'yan Afirka. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da labarin ma'aikata a Kenya da ake biya ƙasa da dala 2 a awa, suna wuni karanta ƙazamtattun rubuce-rubuce suna sa musu alama, don na'urar ta san abin da ba a faɗa a gaban mutane.

Kada ki ji na ce canki-canka ki raina abin. A 1997 na'ura ta doke Garry Kasparov, gwanin duniya a wasan darar Turawa. A 2016 wata ta doke Lee Sedol na Koriya ta Kudu ci 4 da 1 a wasan Go, wanda ya fi wancan sarƙaƙiya nesa. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin DeepMind suka samu rabo a kyautar Nobel saboda na'urarsu da ke gano yadda sinadaran gina jiki ke naɗuwa, aikin da a da masani kan shafe shekaru a kan guda ɗaya. Masu neman magunguna suna cin moriyar wannan yanzu haka.

Amma abin da yaronki ke buri ya wuce waɗannan. Su a bakinsu AGI suke cewa. Ni kuwa ina kiranta basira mai komai-da-ruwanka. Ba wadda ta ƙware a dara kaɗai ko fassara kaɗai ba, wadda duk aikin ƙwaƙwalwa da mutum ke yi za ta iya, ta koyi sabon abu da kanta, ta tsara, ta zartar. Har yau masana ba su haɗu a kan cewa an ƙera ta ba, ba su ma haɗu a kan ranar zuwanta ba. Geoffrey Hinton, wanda ake yi wa kallon ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni, ya bar Google a 2023 don ya samu bakin yin gargaɗi, yana ganin abin ya kusa kuma da haɗari. Yann LeCun, wanda suka karɓi babbar lambar yabo tare da shi, ya ce hanyar da ake bi yanzu ba za ta kai can ba. Alkawarin ma tsoho ne. A 1956 aka yi taron Dartmouth inda fannin ya samu suna, masu shirya shi suna ganin wata biyu na aikin mutum goma zai kai su nesa. A 1965 Herbert Simon ya ce cikin shekara 20 na'ura za ta iya duk aikin da mutum ke yi. Shekara 60 ke nan ana cewa gobe. Wannan karon goben tana iya yiwuwa ta fi kusa, ban musa ba, amma mai sayar da kaya ba ya kushe kayansa, kuma yawancin masu cewa saura ƙiris suna da hannun jari a cikin ƙiris ɗin.

Akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe. Kamfanin OpenAI, a takardar manufofinsa, ya auna wannan na'ura ne da cewa za ta fi mutane iya yawancin ayyukan da ke kawo kuɗi. Da aikin kuɗi aka auna ta. Za mu dawo kan wannan.

Yanzu Babila. Ki buɗe Farawa sura 11 ki karanta a natse. Mutanen sun gano sabuwar fasaha: gasa tubali maimakon neman dutse, da kwalta a madadin laka. Littafin bai zargi tubalin ba. Abin da ya fito fili shi ne nufinsu: su yi wa kansu suna, su ƙi warwatsuwa cikin duniyar da aka umarce su su cika. Ki koma baya kaɗan zuwa sura 6, za ki tarar da wani babban gini, jirgin Nuhu, da awonsa da hawa ukunsa, shi ma an shafe shi ciki da waje don kada ruwa ya shiga. Gini biyu, gwaninta iri ɗaya. Ɗaya ya ceci rai, ɗaya ya jawo rikicewar harshe.

Wurin da ya fi burge ni shi ne Fitowa sura 31 da 32, maƙwabtan juna. A ta 31 Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, ba don ya yi wa'azi ba, don ya iya aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa. Maƙeri ne, mai aikin hannu, kuma Ruhun Allah ne ya ba shi gwanintar. A sura ta gaba kuwa, aka tara 'yan kunnen zinariya aka zuba ɗan maraƙi, jama'a suka ce shi ne ya fito da su daga Masar. Zinariyar ɗaya ce, wutar maƙera ɗaya ce. Saboda haka in an tambaye ni ko yaronki Bezalel ne ko mai zubin maraƙi, kwamfutarsa ba za ta gaya mini ba. Sai na ji abin da yake sa rai abin zai yi masa.

Sai batun gasa da Allah, wanda na san shi ne ya fi hana ki barci. Alan Turing, Baturen Ingila da ya kafa wannan tambaya a wata maƙala a 1950, shi da kansa ya kawo ƙorafin masu addini, cewa tunani aikin kurwa ne, kuma mutum kaɗai Allah ya ba kurwa. Ba mai ibada ba ne, amma amsarsa tana da abin dubawa: ya ce masu ƙera na'ura ba su ƙwace ikon Allah na halittar rai ba, kamar yadda iyaye ba su ƙwace shi ba don sun haifi ɗa. Ni zan kawo miki misali daga gida. Ki ciro naira 20 a lalitarki ki juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, Gbagyi 'yar'uwarki, wadda ta rasu a 1984 bayan tukwanenta sun zaga Turai da Amurka. Wanda ya san aikinta, in ya ga tulunta daga nesa zai gane hannunta, ya gane zanen ƙadangare da kifi da take yi. Basirarta tana jikin tulun, ba shakka. Amma tulun bai taɓa jin ƙishirwa ba, ko da an cika shi da ruwa. Duk abin da na'urar nan ke faɗa mai daɗin ji, daga bakin 'yan Adam aka kwaso shi. In ta yi miki ta'aziyya har kika ji sanyi, hawayen dubban mutanen da suka rubuta ta'aziyya kafin ita ne kike ji. Kuma duk abin da aka yi ta da shi, yashin da ake narkawa a yi ƙwaƙwalwar kwamfuta, tagullar waya, wutar lantarki, da kan injiniyan kansa, ba wanda mutum ya kira daga babu. Mu masu sarrafawa ne. Mai yumɓu ba ya gasa da wanda ya yi ƙasa.

To, in ta fi mu wayo fa? Nan ne nake ganin mu Kirista mun fi kowa dalilin kwanciyar hankali, amma mun manta. Bangaskiyarmu ba ta taɓa cewa mutum ne mafi wayo cikin halitta ba. Farawa sura 3 da wayo ta gabatar da maciji. Mun gaskata akwai mala'iku, masu sani da ƙarfin da ya fi namu, kuma ba mu taɓa jin darajarmu ta ragu don suna nan ba. Sau biyu a ƙarshen Wahayin, a sura 19 da 22, Yahaya ya faɗi zai yi wa mala'ika sujada, sau biyu mala'ikan ya hana shi, ya nuna masa cewa shi ma bawa ne. Ashe tun tuni an koya mana yadda ake zama da abin da ya fi mu sani: a saurara, a gwada abin da ya faɗa, kada a durƙusa.

Surar Allah da Farawa sura 1 ta ce an halicce mu a cikinta ba makin jarrabawa ba ce. Da haka ne, da farfesa ya fi jariri kama da Allah, da tsohon da ya ruɗe har ya manta sunan 'ya'yansa ya fita daga cikinta. Ku matan Gbagyi kuna ɗaukar kaya a kafaɗa don girmama kai, kuma al'ada ce mai kyau. Amma ko ku ba ku taɓa cewa mutum kai ne kaɗai ba. Masu neman basira mai komai-da-ruwanka, da yawansu, nan suka yi tuntuɓe: sun ɗauka mutum lissafi ne da ke gudana a cikin ƙoƙon kai, jiki kuwa buhu ne kawai da ake iya canzawa. Mu kuwa ainihin bishararmu ita ce Kalman ya zama jiki, ya ji yunwa, ya gaji har ya yi barci a cikin jirgi, ya yi kuka a kabarin abokinsa, aka kuma tashe shi da tabon ƙusa a hannu.

Mama, ki gafarce ni zan taɓa wani miki, domin ku mutanen Kakau kun san wannan darasi fiye da masanan Amurka. Ranar Lahadi 31 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka shiga majami'ar Emmanuel Baptist da ke Kakau Daji ana tsakiyar sujada, suka kora mutum fiye da 60 cikin daji. Kafin nan, ranar 5 ga Yuli, an kwashe ɗalibai 121 na makarantar Bethel Baptist a Damishi, duk a ƙaramar hukumar Chikun. Ke ba sai an ba ki labari ba. Mai garkuwa da mutane yana da nasa ma'aunin darajar ɗan Adam: nawa za a iya kawowa a kansa. Dangi da ikilisiya kuwa da wani ma'auni suka yi aiki. An sayar da gona, an sayar da hatsin da aka ajiye don baɗi, an yi ta azumi da addu'a, kuma ban taɓa jin ikilisiyar da ta zauna ta ce a fara fanso mai digiri a bar tsohuwar da ba ta iya karatu ba. In da lissafin amfani za a bi, wasu da aka zubar da hawaye dominsu ba za su iya mayar da ko rabin abin da aka kashe ba har ƙarshen ransu. Ba wanda ya yi wannan lissafin. Ba banza ba kalmar da muke kiran wannan kuɗi da ita, fansa, ita ce kalmar da muke kiran aikin Almasihu da ita.

Yanzu ki tuna ma'aunin da na ce ki riƙe, na na'urar da za ta fi mutum aikin da ke kawo kuɗi. Ba ina kwatanta injiniyoyi da 'yan bindiga ba, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne duk inda aka saba auna mutum da abin da yake samarwa, ranar da na'ura ta fi shi samarwa, me za a ce ya rage masa? Akawu, mai fassara, malamin makaranta, yarinyar da ke amsa waya a banki, su ne za su fara jin wannan tambaya a jikinsu, a ƙasar da dama aiki ya yi wa matasa ƙaranci. Wutar da mai wa'azinku ya ji ƙaurinta, a nan take ci. Ban damu ƙwarai da na'ura ta zama mutum ba. Na fi damuwa da ranar da za a fara yi wa mutum kallon tsohuwar na'ura.

Akwai kuma wani abu da shekarar 2021 ta koya muku. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba gwamnatin jiha ta sa aka rufe layukan waya a wasu sassan Kaduna saboda matsalar tsaro. Ba hukunci nake yankewa kan matakin ba. Abin da nake nunawa shi ne yadda wayar da ke hannun kowa ta koma guntun roba a dare ɗaya, domin makunnin ba a hannunsa yake ba. Manyan na'urorin basira a hannun kamfanoni ƙalilan suke, yawancinsu a Amurka da Sin, domin horar da guda ɗaya na cin ɗaruruwan miliyoyin dala da wutar lantarkin da ta ishi gari. A Mayun 2023 shugabannin wasu daga cikin kamfanonin da kansu suka sa hannu a wata gajeruwar sanarwa da ta jera haɗarin wannan fasaha tare da annoba da yaƙin nukiliya. Suka sa hannu, suka koma bakin aiki. Kowa na cewa in ban yi ba wani da ya fi ni mugunta zai yi. Wannan magana kam tana da ƙamshin Babila.

Sai dabbar Wahayi sura 13. Gaskiya ne akwai siffa a wurin da aka ba numfashi har ta yi magana, akwai kuma alamar da in babu ita ba saye ba sayarwa. Ba na yi wa mai jin tsoro dariya. Wanda ya sha layin banki a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da kuɗinsa a asusu amma ba na sayen garin tuwo, ya san yadda wannan ke kama. Amma mu tuna sau nawa muka yi wannan shela. An ce BVN ce da ta fito a 2014. An ce lambar ɗan ƙasa ce. A 2020 aka ce 5G ce, aka ce rigakafin korona ne. Masu shelar da yawa yanzu da 5G ɗin suke watsa wa'azinsu, ba kuwa wanda ya dawo ya ba ikilisiya haƙuri. Kullum ihun kura, ranar da kurar ta zo yaranmu masu ilimi ba za su leƙo ba. Yahaya ya rubuta wa ikilisiyoyi 7 ne a ƙasar da take Turkiyya a yau, mutanen da ake matsa wa su girmama sarkin Roma kamar allah. Jigon surar sujada ne: wa za ka durƙusa wa, wa ka dogara gare shi ya cece ka.

A wannan fuska kuwa akwai abin tsoro na gaske. Wani injiniyan motoci masu tuƙa kansu, Anthony Levandowski, ya yi rajistar addini sukutum a Amurka don bauta wa allahn da za a ƙera da ƙirƙirarriyar basira; ya rufe shi a 2021, ya ce ya farfaɗo da shi a 2023. Ray Kurzweil ya daɗe yana shelar cewa na'ura za ta kamo mutum a 2029, zuwa 2045 kuma mutum da na'ura su haɗe, kuma yana sa ran ta haka za a ci nasara kan mutuwa. Ki saurara da kyau za ki ji bishara ce aka cire wa gicciye: akwai mai ceto mai zuwa, akwai ranar zuwansa, akwai rai madawwami, babu tuba. Ishaya sura 44 ta riga ta zana mutumin. Ya sare itace, ya ƙona rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ragowar kuma ya sassaƙa ya faɗi a gabansa yana roƙon ceto. Ke da kike hura wuta kullum kin san ba abin da ya raba guntun da ke murhu da wanda ke jingine a bango. Bambancin gunkin yau shi ne wannan yana amsawa, da ladabi kuma, ba ya gajiya, ba ya tsauta wa kowa.

Ikilisiyoyin duniya ba su yi shiru ba, kuma abin lura shi ne ba wadda ta fi girma a cikinsu da ta ce a guji fannin. Baptis na kudancin ƙasar Amurka, waɗanda mishan ɗinsu Thomas Bowen ya iso ƙasar nan a 1850, sun zartar da ƙuduri a taronsu na 2023 suna neman a yi amfani da fasahar cikin gaskiya da kiyaye darajar ɗan Adam. Paparoma Francis ya je taron shugabannin G7 a Italiya a Yunin 2024 ya roƙi kada a taɓa bar wa na'ura hukuncin ɗaukar ran mutum. A Janairun 2025 fadar Vatican ta fitar da doguwar takarda mai suna Antiqua et Nova, wadda ta yaba amfanin fasahar, ta kuma yi kashedi cewa mai neman ta maye gurbin Allah gunki yake ginawa. Paparoma Leo na 14, da aka zaɓa a Mayun 2025, ya ce cikin dalilansa na ɗaukar sunan akwai tunawa da Leo na 13, wanda ya tsaya wa ma'aikata a 1891 lokacin da injuna suka canza duniya. A wasu wuraren kuma an yi gwaje-gwajen da ni dai ba su kwanta mini ba: a garin Fürth na Jamus, a Yunin 2023, mutum fiye da 300 suka zauna sujadar da ChatGPT ya tsara, hotunan mutane na bogi a allo suna wa'azi.

Ba sai an je Jamus ba. Na taɓa zama a wata majami'a a nan kudancin Kaduna, wani saurayi mai koyon aikin bishara ya hau bagade ya yi wa'azi santala-santala, maki uku, kowane da ayarsa, ba tuntuɓe ko ɗaya. A satin nan ikilisiyar ta binne mutum biyu. Wa'azin bai san da haka ba. Matan da suka rasa mazajensu suna zaune a benci na biyu, ya wuce ta kansu kamar jirgin sama. Da muka fito na ja shi gefe, bai ɓoye mini ba, ya nuna mini wayarsa. Ni ma na gwada tawa: na tambayi ɗaya daga cikin manhajojin nan wata aya da Hausa, ta kawo mini jimla mai daɗi da sura da lamba, na buɗe Littafi na duba, babu ita a wurin. Ba ta ji kunya ba, don ba ta da inda za ta ji. Na gaya mata ta yi kuskure, ta ba ni haƙuri, ta kawo wata, ita ma ba daidai ba.

Saboda haka kada ki hana shi, Mama. In duk yaran da aka goya da addu'a suka kauce wa wannan fanni, an bar wa waɗanda ba su da abin da suke tsoro ke nan. Kuma garin da yake karatu yana da magabatan da zai duba. A Zariya Likita Miller ya zauna, shi da abokan aikinsa 'yan ƙasa da baƙi suka yi wahalar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma injin ɗab'i, fasahar wancan zamani, shi ya kai shi ƙauyukanmu. Daga wannan gida aka samu Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda asibitin cikin garin Kaduna ke ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma ƙare rayuwarsa yana hidimar bishara da duba marasa lafiya a Samaru. Ba wanda ya ce musu su zaɓa tsakanin ɗakin gwaji da majami'a.

In ya dawo hutun Kirsimeti, kada ki tare shi da Babila a bakin ƙofa. Ki bari ya ci tuwo ya huta. Sa'an nan ki ce ya kunna kwamfutar ya nuna miki abin da yake yi, ki zauna kusa da shi, ko ba ki gane ba. Ki tambaye shi wa abin zai amfana, wa kuma zai rasa abincinsa in ya yi nasara. Ki tambaye shi ko akwai aikin da in an ba shi, komai yawan albashin, zai ce a'a. In ya yi shiru yana tunani, alama ce mai kyau, in ya yi dariya ya ce babu, to a nan addu'arki za ta tsaya. Ki lura kuma ko har yanzu yana iya zama da kakarsa ya saurari labarin da ta riga ta ba shi sau goma, ko kuwa hirar na'ura ta fi masa daɗi domin ita ba ta maimaita kanta, ba ta kuma aike shi ɗebo ruwa.

Daga nan ki ba shi aiki. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google tun 2013, kuma akwai matasa masana 'yan Arewa da ke ta tattara rubutun Hausa don na'urori su iya ta da kyau. Gbagyi fa? Ki ce ya sa na'urar ta gaishe ki da Gbagyi, gaisuwar safe irin wadda ake yi wa babba, sa'an nan ta gaya miki yadda ake adana doya kada ta ruɓe kafin bazara. Ke ce za ki ba ta maki, shi ya riƙe biro ya rubuta gyaran da kika yi mata. Ki aiko mini da sakamakon, ina so in ji nawa ta ci.